Shekara saba'in a hannun Babila: yaya za a fahimci annabcin Irmiya 25?

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da tambaya bayan sun karanta Irmiya sura 25 a taron nazarin Littafi Mai Tsarki na ikilisiyarsu. Inda ya tsaya masa a rai shi ne aya 8 zuwa 12, wurin da Ubangiji ya ce zai kawo Nebukadnesar sarkin Babila, wanda ya kira "bawana", ya mai da ƙasar Yahuza kufai, al'umman yankin kuma su bauta wa sarkin Babila shekara saba'in. Ya ce yaya Allah zai kira mai bautar gumaka bawansa, har ya bar shi ya ƙone Haikalinsa? Shin an riga an yanke hukuncin ne, ko an tuba ko ba a tuba ba? Ya ƙara da cewa ya ƙirga shekarun ya ga ba su cika saba'in ba, wani a cikin taron kuma ya ce ai wannan ya nuna annabcin bai tabbata ba.

Ɗan'uwa, na daɗe ina koyar da littattafan annabawa, kuma abin da na fi yawan gani shi ne mutum ya tsinko aya biyar daga tsakiyar sura ya bar ta farko, alhali a nan aka ajiye mabuɗin. Aya ta farko ta ce maganar ta zo wa Irmiya a shekara ta huɗu ta sarautar Yehoyakim sarkin Yahuza, wadda ita ce shekara ta farko ta Nebukadnesar, wato shekara ta 605. Duk shekarun da zan ambata na kafin haihuwar Almasihu ne sai inda na faɗa, saboda haka lissafinsu raguwa yake yi yayin da zamani yake gaba. A cikin shekaru bakwai da suka gabaci wannan magana duniyar da mutanen Yahuza suka sani ta kife. Nineba, babban birnin Assuriya, ta faɗi a 612 a hannun Babiloniyawa da Mediyawa. Masar ta yunƙuro don ta gaji abin da Assuriya ta bari, Yosiya sarkin Yahuza ya tare Fir'auna Neko a Magiddo a 609 aka kashe shi, Neko kuma ya tuɓe Yehowahaz ɗan Yosiya bayan wata uku kacal, ya naɗa Yehoyakim, ya aza wa ƙasar harajin talanti 100 na azurfa da talanti ɗaya na zinariya. Sai ga shi a 605 Nebukadnesar, yana yarima a lokacin, ya ragargaza rundunar Masar a Karkemish a bakin Kogin Yufiretis, mahaifinsa ya rasu a wannan shekarar, ya koma gida ya hau gadon sarauta. Tun farkon kiransa Irmiya yake maganar wata tukunya mai tafasa da ta karkato daga arewa ba tare da ya faɗi sunan mai ita ba. A sura 25 ne tukunyar ta sami suna.

Daga aya 3 zuwa 7 kuma Irmiya ya ce shekara 23 ke nan yana magana, tun shekara ta 13 ta Yosiya, ba fashi, amma ba a kasa kunne ba. Wanda ya tsallake wannan sashe zai ɗauka hukuncin fushin dare ɗaya ne. Annabci a Tsohon Alkawari ba duba ba ne. Mai duba yana gaya maka abin da zai same ka gobe ba tare da ya damu da halinka ba, annabi kuwa ɗan saƙo ne da yake tsaye a kan wani alkawari da aka riga aka ƙulla tsakanin Allah da jama'arsa, yana tuna musu sharuɗɗansa. Ka buɗe Maimaitawar Shari'a 28 da Littafin Firistoci 26 za ka tarar da jerin albarku in an kiyaye alkawarin, da jerin masifu in an karya shi, na ƙarshe a cikinsu kuwa shi ne a tumɓuke su daga ƙasar a warwatsa su cikin al'ummai. Ƙasar amana ce a hannunsu, Firistoci 25 ya faɗa ƙarara cewa ta Allah ce, su baƙi ne da aka saukar a cikinta. Irmiya bai ƙago wani sabon horo ba, karanto musu abin da yake rubuce ya yi. Ga kuma Samariya a arewacinsu, wadda Assuriyawa suka ci a 722 suka kwashe mutanenta, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Laifin da ake tuhumarsu da shi ma ba a bar shi a dunƙule ba. A sura 7 annabin ya zana gida guda yana aikin tsafi kamar yadda ake aikin biki: yara suna tara itace, ubanni suna hura wuta, mata suna kwaɓa ƙullu don su toya waina ga gunkin da ake kira sarauniyar sama. A kwarin Ben-hinnom, dab da ganuwar Urushalima, har ana ƙona 'ya'ya hadaya. Sai dai mu masu wa'azi mukan tsaya a kan gumaka mu wuce sauran da sauri, Irmiya kuwa bai wuce ba. A sura 22 ya fuskanci Yehoyakim kansa a kan cewa yana gina wa kansa bene mai faffadan tagogi, da rufin itacen al'ul da jan fenti, yana sa mutane aiki ba ya biyansu ladansu, a ƙasar da ake tatsar talakawanta don a biya Fir'auna. Ya tuna masa cewa mahaifinsa Yosiya ya ci ya sha, amma ya yi wa matalauta shari'ar gaskiya, ya kuma ce sanin Ubangiji ke nan. A sura 7 ɗin kuma ya tsaya a ƙofar Haikali ya ce wa masu shiga su daina ruɗin kansu da maimaita "Haikalin Ubangiji" har sau uku kamar laya, su je Shilo su ga abin da ya sami wurin da akwatin alkawari ya taɓa zama. Mutanen sun ɗauka tun da gidan Allah yana cikin birninsu, to, dole Allah ya tsare birnin komai suka aikata. Rushewar Haikali da ta dame ka amsa ce ga wannan zato.

Sai tambayarka ta ko an rufe ƙofa tun farko. A gidan maginin tukwane, a sura 18, an faɗi ƙa'idar a fili: in Allah ya ce zai tumɓuke wata al'umma, ita kuwa ta juyo daga muguntarta, zai fasa masifar da ya yi niyya. Mutanen zamanin ma sun san haka. Lokacin da firistoci suka nemi a kashe Irmiya saboda wa'azin Haikali, wasu dattawa suka tashi suka ce Mika mutumin Moreshet ya taɓa cewa za a nome Sihiyona, wato Urushalima, kamar gona a zamanin Sarki Hezekiya, amma Hezekiya bai kashe shi ba, ya ji tsoron Ubangiji ya yi roƙo, masifar kuma ba ta zo a lokacinsa ba. Wannan yana sura 26.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne sura 36, domin a shekarar nan ta huɗu ta Yehoyakim, shekarar sura 25, aka umarci Irmiya ya sa magatakardansa Baruk ya rubuta dukan maganarsa a naɗaɗɗen littafi, dalilin da aka bayar kuwa shi ne wataƙila in sun ji za su juyo a gafarta musu. Ba a cewa "wataƙila" a kan abin da aka riga aka rufe. A shekara ta gaba, a wata na tara, lokacin sanyi, aka kai littafin fada. Sarki yana zaune a ɗakinsa na hunturu, ga kaskon wuta a gabansa, fadawa suna tsaitsaye. Wani bafade mai suna Yehudi yana karantawa, in ya kai shafi uku ko huɗu sai sarki ya sa wuƙar magatakarda ya yanke ya jefa a wuta, a ci gaba da karatu, ya sake yankewa, har littafin ya ƙare ƙurmus. Mutum uku daga cikin manyansa suka roƙe shi kada ya ƙone, bai saurare su ba, marubucin kuma ya lura cewa ba wanda ya yage tufafinsa. Mai karatu da ya san 2 Sarakuna 22 zai tuna cewa da aka karanta wa Yosiya littafin Shari'a, tufafinsa ya yage. Uban ya yage riga, ɗan ya yage littafi.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai ayoyin da suke jan igiyar zuwa ɗaya ɓangaren. Sau uku aka ce wa Irmiya kada ya yi wa mutanen addu'a, 2 Sarakuna 24 kuma ya danganta faɗuwar Yahuza ga zunuban Sarki Manassa da jinin marasa laifi da ya zubar, mutumin da ya mutu tun kafin a kira Irmiya. Yadda nake karanta su gaba ɗaya shi ne ƙofar ta yi ta ƙuntata ne da kowane ƙi. Bayan Karkemish mulkin Babila ya zama abin da ba makawa, amma yadda zai zo bai zama tilas ba. Har ana tsakiyar ƙawanya ta ƙarshe Irmiya yana gaya wa Zadakiya, sarkin Yahuza na ƙarshe, a sura 38, cewa in ya fita ya miƙa wuya zai rayu, ba kuwa za a ƙone birnin ba. Zadakiya ya ce yana tsoron Yahudawan da suka riga suka koma wajen Kaldiyawa, wato Babiloniyawa, kada a bashe shi a hannunsu su wulaƙanta shi. Akwai ma lokacin da aka ga kamar za a tuba: sura 34 ta ba da labarin yadda masu hali suka yi alkawari a Haikali suka 'yanta bayinsu Ibraniyawa, amma da rundunar Babila ta janye na ɗan lokaci saboda Masarawa sun fito, sai kowa ya bi nasa ya kamo ya mayar cikin bauta.

Kalmar "bawana" kuwa ba shaidar bangaskiya ba ce, matsayin aiki take nunawa. Bawan sarki shi ne wanda aka aika, ko ya san wanda ya aiko shi ko bai sani ba. Ishaya 10 ya kira Assuriya sandan fushin Allah, ya kuma ce ita ba haka take nufi a zuciyarta ba, burinta ta hallaka al'ummai ne kawai. Ishaya 45 ya ma wuce nan, ya kira Sairus na Farisa shafaffe na Ubangiji, ya ƙara da cewa Sairus bai san shi ba. A tunanin mutanen wancan zamani, in an ci birni to an ci allahnsa, don haka faɗuwar Urushalima za ta zama hujjar cewa Marduk, allahn Babila, ya fi ƙarfin Ubangiji. Da wannan kalma guda Irmiya ya toshe wannan fassara tun kusan shekara 20 kafin birnin ya faɗi. Aikawar kuma ba ta wanke ɗan aiken ba, domin aya 12 ta ce bayan shekara saba'in za a hukunta sarkin Babila da al'ummarsa saboda laifinsu, sura 50 da 51 kuma kacokan a kan faɗuwar Babila suke. Habakuk ya riga ka yin wannan tambaya, ya ce wa Allah yaya zai yi shiru mugu yana haɗiye wanda ya fi shi adalci, amsar da ya samu kuwa jerin kaito ne a kan mai ƙwace da mai gina birni da jini. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan sarki da sunan Bukhtanasar, masu tafsiri da dama suna ambatonsa a farkon Suratul Isra'i, inda aka kira mayaƙan da aka tura wa Bani Isra'ila bayin Allah masu tsananin ƙarfi.

Akwai wani abu da ya kamata ɗalibi ya sani a nan. Tsohuwar fassarar Irmiya ta Helenanci ta fi ta Ibrananci gajarta da kusan kashi ɗaya cikin takwas, kuma a aya 9 ba ta da sunan Nebukadnesar ko kalmar "bawana". Wasu gutsattsarin Ibrananci da aka samu a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri sun bi gajeren rubutun, abin da ya nuna littafin ya yi yawo a siga biyu tun da daɗewa. Wannan bai canja ma'anar ba, domin a dukansu Allah ne yake cewa shi zai kawo mutanen arewa.

Ka ɗan dakata a aya 10, wadda a ganina ta fi maganar takobi nauyi. An ce za a kawar da muryar murna, da muryar ango da ta amarya, da ƙarar dutsen niƙa, da hasken fitila. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san cewa kafin gari ya waye ƙarar niƙa da daka ce take shaida cewa akwai mutane a gida, akwai kuma abin da za a ci. Garin da ba a niƙa da asuba, ba a kunna fitila da dare, ba a ɗaura aure, ko ganuwarsa tana tsaye ya mutu.

Yadda abin ya auku sananne ne, daga Littafi Mai Tsarki da kuma daga allunan yumɓu na Babila. Yehoyakim ya biya haraji shekara uku ya yi tawaye, ya mutu kafin sakamakon ya iso, ya bar wa ɗansa Yehoyakin mai shekara 18. Allon tarihin Babila da ke gidan kayan tarihi na Birtaniya ya ce a shekararsa ta bakwai Nebukadnesar ya ci birnin Yahuza ran 2 ga watan Adar, wanda ya yi daidai da 16 ga Maris na 597, ya kama sarkin, ya naɗa wanda ya ga dama, wato Zadakiya. An kwashe sarki da mahaifiyarsa da fadawa da mayaƙa da maƙera da masassaƙa, 2 Sarakuna 24 ya ce mutum 10,000, Irmiya 52 kuma ya ce 3,023, masana da yawa suna ganin ƙaramin adadin na magidanta maza ne kaɗai. Zadakiya ya yi nasa tawayen, aka kewaye birnin har yunwa ta ci ƙarfinsa, aka huda ganuwa, aka kama shi aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa sannan aka ƙwaƙule idanunsa, aka ƙone Haikali. Wannan ya faru a 587 ko 586, bambancin ya samo asali ne daga yadda ake ƙirga shekarun sarauta. Ba a kwashe kowa ba, an bar matalauta su yi noma su kula da gonakin inabi, masu haƙar kayan tarihi kuma sun tarar da toka a Urushalima, amma a yankin Biliyaminu wajen Mizfa rayuwa ta ci gaba.

A Hausar coci mukan kira abin da ya biyo baya zaman talala ko bautar talala, kuma ban san wata kalma da ta fi wannan dacewa ba. Talala ita ce a ɗaure dabba da doguwar igiya, ta yi kiwo ta kewaya, amma ba ta wuce inda igiyar ta tsaya, shi ya sa ake mata kirari da talala mai kamar sake. An tono allunan rabon abinci a fadar Babila masu ɗauke da sunan Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar, ana ba su mai daga rumbun sarki. Akwai kuma alluna kusan 200, mafi tsufa a cikinsu na 572, da yawansu daga wani gari a ƙasar Babila da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, suna nuna Yahudawa suna noma gonakin da hukuma ta ba su, suna biyan haraji, suna ƙulla ciniki. Ezekiyel yana da gidansa a bakin kogin Kebar, dattawa suna zuwa su zauna a gabansa. Wannan bai rage ɗacin abin ba, Zabura 137 da Makoki sun ishe mu shaida.

Game da saba'in ɗin, ka fara tambayar yadda kunnen farko ya ji shi. Mu da muke karantawa daga baya muna jin sa kamar albishir, su kuwa mugun labari ne. A shekara ta huɗu ta Zadakiya jakadun Edom da Mowab da Ammon da Taya da Sidon suna Urushalima, da alama ana ƙulla tawaye, Irmiya ya fito da karkiya a wuyansa. Wani annabi, Hananiya mutumin Gibeyon, ya tsaya a Haikali ya ce nan da shekara biyu za a dawo da kayan Haikali da Yehoyakin da dukan waɗanda aka kwashe. Irmiya ya ce amin, Ubangiji ya sa haka, amma ya tuna masa cewa mai annabcin salama sai maganarsa ta cika ake sanin an aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya, Irmiya ya kama hanyarsa, daga baya ya dawo da saƙo cewa an karya ta itace za a sami ta ƙarfe. A wata na biyar aka yi wannan, a wata na bakwai Hananiya ya mutu. Gardamar ke nan, biyu ko saba'in. Shi ya sa wasiƙar da ke sura 29 ta ce wa mutanen da ke Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin su kuma yi masa addu'a. Zabura 90 ta ce kwanakin mutum shekara saba'in ne, saboda haka ma'anar a fili take: kai da aka kwaso da hankalinka a nan za a binne ka, jikokinka ne za su koma.

In kuma lissafi ake so, sai a lura da abin da ayar ta ce da abin da ba ta ce ba. Sura 25 ta ce al'umman nan za su bauta wa sarkin Babila shekara saba'in, sura 29 aya 10 kuma a Ibrananci cewa ta yi sa'ad da shekara saba'in suka cika wa Babila. Wa'adin mulkin Babila ake aunawa. Rundunar Sairus ta ci Babila a watan Oktoba na 539. Daga 605 zuwa nan shekara 66 ke nan, daga 609 kuwa, shekarar da ƙarfin Assuriya ya ƙare gaba ɗaya, saba'in cif. Wanda ya ƙirga daga 586 zuwa umarnin Sairus na komawa gida a 538 zai sami 48 ne kawai, ina zaton nan ne lissafinka ya tsaya. Amma daga ƙonewar Haikali zuwa gama sabon a shekara ta shida ta Dariyus sarkin Farisa, wato 516 ko farkon 515, an sake samun kimanin saba'in, kuma da alama wannan ne Zakariya yake nufi a sura 1 da ta 7. Ni dai ina ɗaukarsa a matsayin dunƙulallen adadi na tsawon ran mutum, wanda tarihi ya zo ya faɗa kusa da shi ƙwarai. Ishaya 23 ya yanka wa Taya shekara saba'in, ya ce kamar kwanakin sarki guda. Esar-haddon na Assuriya ma ya rubuta cewa Marduk ya yanka wa Babila saba'in na zama kufai bayan mahaifinsa Sennakerib ya rushe ta a 689, sai Marduk ya ji tausayi ya juya alamomin biyu suka zama 11, domin a rubutunsu alamomin da suke ba da 70 in an sauya musu wuri 11 suke bayarwa. Wato adadi ne da mutanen yankin suka sani a matsayin wa'adin horon birni.

Marubutan baya ma ba su ɗauke shi kamar lissafin kasuwa ba. Littafin 2 Tarihi 36 ya haɗa shi da dokar hutun ƙasa ta kowace shekara bakwai, ya ce ƙasar ta karɓi Asabatanta da aka hana ta. Daniyel 9 ya nuna Daniyel yana nazarin wannan adadi, abin da ya fara yi kuwa shi ne azumi da furta zunubin jama'arsa, amsar da aka ba shi kuma ta miƙe wa'adin zuwa bakwai sau saba'in. Shaidun Jehobah suna koyar da cewa Urushalima ta faɗi a 607 don saba'in ɗin ya cika daidai, amma wannan bai jitu da allunan Babila ba, musamman wani allon lura da taurari da ke Berlin wanda ya tsayar da shekara ta 37 ta Nebukadnesar a 568 zuwa 567.

Ka yi hankali kuma da yadda za a ɗora wannan sura a kan mutanen yau. Na sha jin ana nuna waɗanda rikici ya raba da garuruwansu ana cewa hukunci ne ya same su. Irmiya ya yi magana da wata al'umma takamaimai, a ƙarƙashin wani alkawari takamaimai, da saƙon da aka ba shi, mu kuwa ba a ba mu irin wannan saƙo a kan maƙwabtanmu ba. Shi kansa ya rushe wannan tunani a sura 24, inda ya ga kwando biyu na ɓaure a gaban Haikali: masu kyau su ne waɗanda aka kwashe, ruɓaɓɓun kuwa su ne waɗanda suka rage a gida suna ganin sun tsira. Yesu ma, a Luka 13, ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Haka nan aya 11 ta sura 29, wadda ake rubutawa a katin biki, ana cewa Allah yana da shirin alheri dominmu, tana biye ne da ayar saba'in kai tsaye, kuma jama'a aka gaya wa ita, jama'ar da yawancinsu ba za su ga cikarta da idonsu ba.

Irmiya ma bai gani ba. Bayan an kashe Gedaliya, gwamnan da Babila ta naɗa a Mizfa, sauran mutanen suka gudu Masar suka tafi da shi, can labarinsa ya ƙare. Amma kafin nan, a shekara ta goma ta Zadakiya, yana tsare a filin matsara, sojojin Babila suna kewaye da birnin, ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce ya sayi gonarsa da ke Anatot, garinsu Irmiya, tun da shi ke da hakkin fansa. Gona ce a ƙauyen da yaƙi ya riga ya rufe hanyarsa. Irmiya ya auna masa shekel 17 na azurfa a ma'auni, ya sa hannu a takardar ciniki, ya kira shaidu, aka yi kwafi biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe, ya miƙa wa Baruk a gaban kowa ya ce ya sa su a tulun yumɓu don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan. In ka duba Ezra sura 2, a jerin waɗanda suka komo daga Babila, aya 23 ta ce mutanen Anatot 128 ne.